Amsa ga 'yar'uwar da ƙuraje masu raɗaɗi suka fito wa mahaifiyarta a gefe ɗaya

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta bayaninki cewa mahaifiyarki, wadda ta haura shekara 60, ta yi kwanaki tana kukan raɗaɗi a haƙarƙarinta na dama, sannan shekaranjiya wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mata a jere daga baya zuwa ƙarƙashin ƙirji. Kin kuma ce kina da juna biyu, maigidanki bai taɓa yin ƙarambau ba, kina neman sanin ko za ku iya ɗauka da kuma abin da ya dace a yi mata. Ni ba likita ba ce, amma na yi ƙarambau da girmana, daga baya kuma na yi jinyar mahaifina a kan irin wannan ciwo na Mama, don haka abin da zan faɗa miki ya haɗa abin da na gani da idona da abin da likitocin da suka duba mu suka fahimtar da ni.

Ki kai ta asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Siffar da kika bayar ta yi kama da ƙurajen jijiya, waɗanda a asibiti ake kira zosta, kuma maganin da ke daƙile ƙwayar cutar ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 72 daga fitowar ƙurajen. Tun da shekaranjiya suka fito, lokacin da ya rage mata kaɗan ne. Ko da wa'adin ya wuce, likita kan ba da maganin ga mai shekaru irin nata, ko idan sababbin ƙuraje suna ci gaba da fitowa, amma kowace rana da aka jinkirta tana ba ƙwayar damar ƙara lalata jijiyar da ta kama. Wannan ɓarnar ita ce ke zama ciwon da ke daɗewa bayan fata ta warke.

Ƙwayar bairas guda ce ke haddasa ƙarambau da zosta. Idan mutum ya yi ƙarambau ya warke, ƙwayar ba ta barin jikinsa. Tana laɓewa ne a tushen jijiyoyin da ke kusa da laka da na cikin kai, ta zauna shekaru masu yawa garkuwar jiki na danne ta. Ranar da garkuwar ta yi rauni, saboda tsufa ko wata rashin lafiya ko wasu magunguna, sai ta farfaɗo ta bi jijiya guda har ta fito a fatar da jijiyar ke kula da ita. Shi ya sa ƙurajen ke tsayawa a gefe ɗaya, ba su tsallaka tsakiyar baya ko tsakiyar ƙirji, shi ya sa kuma zafin ke riga ƙurajen zuwa da 'yan kwanaki. Kusan mutum 1 cikin 3 kan gamu da wannan a tsawon rayuwarsa, kuma haɗarin yana ƙaruwa sosai bayan shekara 50. Ma'ana Mama ba daga wurin kowa ta ɗauko ba, tun lokacin da ta yi ƙarambau take tare da shi.

Maganin da aka fi samu shi ne asaikilobir, kuma ga babban mutum ana ba da miligiram 800 sau 5 a rana har kwana 7. Akwai balasaikilobir, wanda ake sha miligiram 1000 sau 3 a rana, ya fi sauƙin kiyayewa ga dattijuwa idan ana samunsa. Na ambaci adadin ne domin ki gane cewa ba irin maganin da ake sha safe da yamma ba ne, ba domin ki sayo mata da kanki ba, saboda ta ƙoda yake fita, kuma wanda ƙodarsa ta raunana sai an rage masa, in ba haka ba yana iya jawo ruɗewar tunani. Ki gaya wa likita duk magungunan da take sha, ki kuma tabbatar tana shan ruwa sosai a kwanakin. Na shafawa da ake sayarwa a ƙaramin bututu ba ya maye gurbin na sha. Magungunan kashe bakteriya kuma ba su yi wa bairas komai, sai dai idan ƙurajen sun ruɓe sun fara mugunya.

Abin da na fi so ki ba muhimmanci shi ne zafin. Mahaifina mutum ne mai dauriya wanda ba ya son a gan shi yana kuka da ciwo, amma a lokacin nan ko rigarsa ta taɓa wurin sai ya zabura, iskar fanka ma ba ya iya jure ta a gefen. Ya ce mini ji yake kamar an ɗora masa garwashi a ƙarƙashin fata. Ƙurajensa sun bushe cikin lokacin da aka saba gani, wato sun yi ɓawo bayan kwana 7 zuwa 10, fata kuma ta warke cikin 'yan makonni, amma raɗaɗin ya zauna tare da shi watanni. A nan ne masu jinya da yawa ke gazawa, domin da zarar ido ya daina ganin ƙurji sai a ɗauka mara lafiya ya warke, har a riƙa ganin kamar raki yake yi. Ba raki ba ne. Jijiyar ce ta ji rauni take ta aika saƙon zafi ko da babu abin da ya taɓa ta. Idan zafin ya wuce wata 3 bayan fitowar ƙurajen, likitoci suna ɗaukar sa a matsayin ciwo mai zaman kansa, kuma yana samun kusan mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi zosta, ya fi yawa kuma a tsakanin tsofaffi.

Farasitamol yana taimakawa a farko, amma sau da yawa ba ya isa ga irin wannan zugi. Akwai magungunan da ke aiki a kan jijiya kai tsaye, irin su amitiriftilin da gabafentin da firegabalin, akwai kuma filasta mai ɗauke da maganin kashe zafi na lidoken da ake mannawa a wurin bayan fata ta warke. Ana fara su ne da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali, suna ɗaukar kwanaki kafin a ga amfaninsu, kuma suna sa jiri da barci, don haka a kula da ita idan za ta tashi da dare kada ta faɗi. A wurinmu, sai da aka canza magani aka daidaita adadinsa kafin Baba ya samu barci mai kyau. Idan na farkon bai yi mata ba, ku koma ku faɗa wa likita ƙarara cewa ba ta barci, ba ta cin abinci, kada kunya ko haƙuri su sa a yi shiru. Rashin barcin da ya daɗe yana karya zuciyar dattijo fiye da yadda ake zato, kuma na ga yadda ya mayar da mutum mai fara'a ya zama ba ya son magana da kowa.

A gida, a bar wurin da tsabta a bushe, ta sa tufafi masu laushi marasa matsewa, a riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi na ɗan lokaci. Kada a fasa ƙurajen, kada kuma a shafa musu duk wani abin da likita bai ce ba, musamman mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, domin fatar a buɗe take, kuma ruɓewa ce ke barin tabo mai zurfi.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko na yini ɗaya. Idan ƙuraje suka fito a goshi, ko fatar ido, ko kan hanci, to jijiyar da ke kula da ido ce ta kamu, kuma ana iya rasa gani idan likitan ido bai duba da wuri ba. Idan suka fito a cikin kunne tare da karkacewar fuska ko raguwar ji, shi ma na gaggawa ne. Haka nan idan suka bazu ko'ina a jiki, ko aka ga zazzaɓi mai tsanani, sanƙarewar wuya, ruɗewa, ko raunin hannu ko ƙafa.

Game da ɗauka, babu wanda zai ɗauki zosta daga wurin Mama. Amma ruwan da ke cikin ƙurajen yana ɗauke da ƙwayar, kuma wanda bai taɓa yin ƙarambau ba, bai kuma yi rigakafinsa ba, yana iya kamuwa da ƙarambau idan ya taɓa shi. Haɗarin yana nan har sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. A rufe wurin da bandeji marar mannewa ko riga, a ware mata tawul da zanen gado, mai yi mata hidima ya riƙa wanke hannu da sabulu, kuma ya kasance wanda ya tabbata ya taɓa yin ƙarambau.

Ke kuma, idan kin tabbata kin yi ƙarambau a baya, hankalinki ya kwanta, garkuwarki tana kare ki da abin da ke cikinki. Idan ba ki da tabbas, ki bar wa wani wankin ƙurajen, ki sanar da masu duba ki a wurin awo yau ɗin nan. Akwai gwajin jini da ke nuna ko kina da garkuwa, kuma manya da yawa da ba su tuna sun yi ba, gwajin kan nuna sun yi. Idan babu, likita na iya ba ki kariya, ko dai allurar garkuwa ko asaikilobir a ranakun da zai ƙayyade. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙarambau kan sauka a huhun mai ciki da tsanani, yana iya shafar halittar jariri idan ya zo a makonni 20 na farko, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa, kuma ya fi haɗari ga jariri idan uwa ta fito da ƙuraje daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta. Allurar rigakafin ƙarambau kuwa ba a yi wa mai ciki, saboda ƙwaya ce mai rai da aka raunana.

Maigidanki shi ne wanda rigakafin zai iya amfana. Wannan allura, wadda Michiaki Takahashi ya samar a Japan a 1974, idan aka yi ta cikin kwana 3 zuwa 5 bayan cuɗanya da mai cutar, tana iya hana kamuwa ko ta sassauta ciwon. Ya tambaya, domin ƙarambau a jikin babba ba irin na yara ba ne. Ni daga wurin ɗana na ɗauka. Shi yana ta wasansa da 'yan ƙuraje, ni kuwa zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi suka kwantar da ni tun kafin ƙurji ɗaya ya fito, da suka fito kuma har cikin baki da maƙogwaro da fatar kai, haɗiyar ruwa ma ta zama aiki. A ƙasashe masu zafi an fi samun mutanen da ke girma ba su yi shi ba, shi ya sa ake yawan ganinsa a jikin manya. Alamun kan bayyana ne kwana 10 zuwa 21 bayan cuɗanya, don haka ya lura da jikinsa na tsawon mako 3. Idan ya ga ƙuraje, ya je asibiti a ranar, saboda ga babba asaikilobir ya fi amfani idan aka fara shi cikin awa 24, wa'adin da ya fi na zosta gajarta. Ya sanar da ma'aikatan tun daga ƙofa domin kada a zaunar da shi cikin masu ciki da jarirai, kuma a lokacin sai ku raba ɗaki, saboda ƙarambau ta iska yake yaɗuwa, tun kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje su fito.

Idan hakan ta faru, farasitamol ne na zazzaɓi. A guji ibufurofen da danginsa, domin an danganta su da mummunar ruɓewar fata a lokacin ƙarambau, asfirin kuma ba a ba yara da matasa saboda yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ruwan kalamin da maganin ƙaiƙayi irin su Piriton sun taimaka mini wajen samun barci, yanke farce kuma ya rage ɓarnar susa, ko da yake tabon da ke goshina shaida ne cewa hana hannu susa cikin barci abu ne mai wuya. Babban abin tsoro ga babba shi ne ciwon huhu, wanda kan taso a kwanakin farko bayan fitowar ƙuraje, musamman ga mai shan taba. Tari, haki, ciwon ƙirji ko jini a majina suna nufin a tafi asibiti nan take. Kuma kada a yanke hukunci a gida cewa ƙarambau ne, domin ƙyandar biri tana kama da shi. Ita takan zo da kaluluwa, ƙurajenta kuma sukan girma tare, alhali na ƙarambau za ki ga sabo da mai ruwa da busasshe a wuri guda.

Ga mai shekarun Mama, tsufa kaɗai ya isa ya zama dalilin zosta, amma yana da kyau a duba sugan jininta. Idan kuwa matashi ne ya fito da shi, ko ya kama wuri fiye da ɗaya, ko yana dawowa, ina ganin wajibi ne a yi gwajin cutar ƙanjamau da sauran abubuwan da ke raunana garkuwa, ba tare da an ɗauki hakan a matsayin zargi ba. Zosta yana iya maimaituwa, saboda haka bayan ta warke sarai ku tambayi likita game da rigakafin zosta mai suna Shingrix, wanda aka amince da shi a Amurka a 2017. Allura 2 ce, tsakaninsu wata 2 zuwa 6, ana yi wa masu shekara 50 zuwa sama har da waɗanda suka riga suka yi ciwon, kuma kariyarsa ta haura kashi 90 cikin 100. Yakan sa ciwon hannu da kasala na kwana ɗaya ko biyu, kuma ba a yin sa sai ƙurajen sun gama warkewa.