Baƙin ƙwaron da ke yawo a bangon kicin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun da damina ta kama nake ganin wani baƙin ƙwaro a bangon kicin da banɗakinmu. Yana da dogayen ƙafafu, ba ya cika tashi, sai dai ya yi ta yawo yana ɗaga bayansa yana saukewa. Maigida ya ce ɗan rina ne, a kashe shi kafin ya harbi yara. Surukata kuma ta ce zanzaro ne. Mene ne shi, kuma yana da illa?
Daga wata uwargida, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki ajiye tsintsiyar nan tukuna. Maigida da surukarki duk sun yi kusa, domin dangin rina da zanzaro ne, amma shi ba ya harbin mutum, ba ya cizo, ba ya gina gida. Yadda kika siffanta shi, wanda masana ke kira Evania appendigaster ne, kuma tun shekarar 1758 masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, ya shigar da shi littafi. Yau akwai shi a kusan duk ƙasashe masu zafi, duk inda kyankyaso ya samu wurin zama.

Idan kin sake ganinsa, ki matsa kusa, ki dube shi ta gefe, ba ta sama ba. Jikinsa baƙi ne wuluk, tsawonsa wajen santimita 1. Ƙafafunsa 6 ne, na baya sun fi tsawo nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu ke ɗaukarsa gizo-gizo, alhali gizo-gizo ƙafa 8 gare shi kuma ba shi da fiffike. Wasu kuma su ce ƙuda ne, amma gashin nan biyu da ke gaban kansa dogaye ne, na ƙuda kuwa da ƙyar ake ganinsu. In hasken taga ya faɗa masa, za ki ga idanunsa shuɗaye.

Abin da ke raba gardama shi ne cikinsa. Na rina da na zanzaro suna fitowa ne daga can ƙasan ƙirji, kusa da gindin ƙafafun baya, su miƙe. Na wannan ɗan ƙarami ne ƙwarai, a matse ta gefe da gefe, kuma siririn ƙugun da ke riƙe da shi daga saman gadon baya ya tsiro, nesa da ƙafafu. Wannan cikin ne kika ga yana kaɗawa kamar tuta. Ban san wani ƙwaron cikin gida da ke da wannan ƙira ba, saboda haka da kin ga haka magana ta ƙare.

Me ya kawo shi? Ƙwan kyankyaso. Macen babban kyankyason nan ja tana zuba ƙwanta cikin wata 'yar jaka mai tauri, ruwan ƙasa, mai ɗaukar ƙwai wajen 16, ta manna ta a lungu: bayan kwaba, ƙarƙashin duron ruwa, cikin tsohon kwali, bakin salga. Macen wannan ƙwaro sai ta bi sawu, ta huda jakar, ta saka ƙwanta guda ɗaya tak. Tsutsarta ta ƙyanƙyashe a ciki, ta cinye ƙwan kyankyason, ta rikiɗa, sannan ta fasa ta fito. Ni abin nan yana burge ni har yau. Ki duba irin waɗannan jakunkuna in kina shara. Wadda ta tsage ta kan dogon bakinta, 'ya'yan kyankyaso ne suka fita. Wadda kika ga an yi mata huji zagayayye a gefe, baƙin ƙwaron nan ne ya riga su.

Sai dai fa ganinsa da yawa alama ce cewa kyankyaso na haihuwa a gidan, kuma shi kaɗai ba zai ƙarar da su ba. A toshe tsagar bango, a rufe abinci, a daina barin kwanuka su kwana ba wanki, a gyara murfin sokawe. Abin da ke damuna shi ne yadda muke watsa fiya-fiya a ɗakin da yara ke kwana. Guba ce mai ƙarfi, tana kashe wannan ƙwaro nan take, ƙwan kyankyaso kuwa sau da yawa yana nan lafiya cikin jakarsa.

Dangin wannan baƙin ƙwaro sun haura iri 400, kuma bambance su sai da madubin ƙara girma, a duba jijiyoyin fiffike da tazarar gindin ƙafafu. Mai son tabbaci ya saka mataccen cikin 'yar kwalba da sifirit, ya kai sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero.

TAMBAYA: Malam, a shagonmu na ga wani koren ƙwaro mai ƙyalli yana jan kyankyaso ta gashin kai, kyankyason yana binsa da ƙafarsa.
Daga wani tela, Fagge.

AMSA: Ɗan'uwa, ka ga abin da mutane da yawa ba su taɓa gani ba. Wannan dangin Ampulex ne, wani reshe na dangin rina da zanzaro. In tsawonsa ya kai santimita 2, kuma cinyoyin ƙafafun tsakiya da na baya ja ne, to Ampulex compressa ne. Macen ce ke harbin kyankyaso sau 2, na farko a ƙirji, na biyu a ka, sai ya daina yunƙurin gudu. Ta ja shi rami, ta manna ƙwanta a ƙafarsa, ta toshe bakin ramin. Ita kam tana da ƙari, kada ka kama ta da hannu.