Tambaya da Amsa: Jakar Louis Vuitton ta fi araha a Chana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa mutane kayan lefe, kuma ina zuwa saro kaya birnin Guangzhou na Chana. Na ga manyan kamfanonin kayan ƙawa suna ta buɗe maka-makan shaguna a can. Zan iya sarin jakunkunansu na asali a farashi mai sauƙi? Daga wata Hajiya, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. A taƙaice, a'a. Waɗannan shagunan ba na sari ba ne. Louis Vuitton ba ya ba dillalai kayansa, ba ya rangwame, kuma suna ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai saya.

Gine-ginen da kika gani talla ne. A Tokyo, Hermès ya buɗe gidansa na tubalin gilashi a unguwar Ginza a 2001, Prada ya biyo baya a Aoyama a 2003. A 2025 Louis Vuitton ya buɗe wani a Shanghai mai siffar jirgin ruwa, da wurin cin abinci da ɗakin baje koli a ciki. So suke attajiran yankin su kashe kuɗinsu a gida maimakon su ɗauke su zuwa Paris. Mai saye ne kuwa ke biyan kuɗin hayar da na ginin.

Batun farashi: jaka iri ɗaya ta fi tsada a Chana a kan Faransa, saboda kuɗin fito da harajin kaya na kashi 13 cikin 100. Hong Kong ba ta karɓar wannan harajin. A Japan harajin kashi 10 ne, ana kuma yafe wa baƙi.

In dai sai kin saya a Guangzhou, je ki shagon Louis Vuitton da ke rukunin shagunan Taikoo Hui a unguwar Tianhe. Ki tafi da fasfonki, ki tambaya tun kafin ki biya ko suna cike takardar mayar da haraji. Sunan da ke kan rasit ya zama naki, daidai da na fasfo. Ki fita da kayan cikin kwana 90, ba tare da kin yi amfani da su ba, ki nuna wa jami'an kwastam a filin jirgi. A nan ake yawan tafka asara: sai mutum ya cusa jakar cikin akwati, akwatin ya wuce, jami'i ya ce a nuna kaya, shi ke nan an rasa hatimin kwastam, kuɗin harajin ba za su dawo ba. Abin da ke dawowa kusan kashi 9 ne cikin 100 na kuɗin kayan, bayan an cire ladan wakilin da ke mayar da harajin.

Sai maganar da ’yan kasuwar fata ta Baiyun da ke Guangzhou kan yi, wai “ragowar masana'anta ce”. Kada ki yarda. A Faransa, Sifaniya, Italiya da Amurka ake ɗinka jakunkunan Louis Vuitton, ba a Chana ba. Kwali da leda da ɗan katin shaida duk ana buga na jabu. Lambar da a da ake dubawa a cikin jaka ma an daina sa ta tun 2021, an koma ɗan ƙwayar lantarki da ake ɓoyewa a jikin jakar, wanda na'urar shagonsu ke karantawa.

Idan kuma jabun kika saro, ki faɗa wa dangin ango gaskiya tun kafin a kai lefe, don ranar da wata gwaggon amarya mai zuwa Dubai ta juya jakar ta duba ɗinkin, sunanki za a kira.