Tambayoyinku kan barcin yara: sai da nono a baki yake barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana watansa bakwai. Ba ya barci sai da nono a bakinsa, kuma da na kwantar da shi, bayan awa ɗaya sai ya farka da kuka. Haka muke kwana. Ko nonon ne ba ya isarsa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, sannu da fama. Idan nauyinsa yana ƙaruwa a duk awo, kuma yana jiƙa kunzugu akai-akai, da wuya a ce yunwa ce ke tashinsa kowace awa. Barcin jariri zango-zango ne, kowane zango kamar minti 50 zuwa 60, kuma a ƙarshensa barcin yakan yi sama-sama. Babba ma haka yake, sai dai shi yakan juya ya koma bai ma sani ba. Jariri kuwa abin da barci ya ɗauke shi da shi, shi yake nema. Ya kwanta da nono a baki, ya farka babu, sai kuka.

Saboda haka ki raba shayarwa da shigar barci. Ki tsara abubuwa huɗu ko biyar da za ki riƙa yi kowane dare, bi da bi, cikin minti 20 zuwa 30. Ki fara da shayarwa, fitila a kunne, idonsa biyu. Sai wanka da ruwan ɗumi ko goge jiki, sabon kunzugu da kayan barci, sai a rage haske, ki rungume shi ki yi masa waƙa ɗaya a hankali, waƙar jiya ita ce ta yau. Daga nan ki kwantar da shi yana lumshe ido, kafin barci ya gama ɗaukarsa. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce ginshiƙin aikin, kuma ita aka fi tsallakewa.

Zai yi kuka, domin an canja masa abin da ya saba. Ki ɗora hannu a ƙirjinsa, ki riƙa ɗan bubbuga shi kina magana ƙasa-ƙasa. Idan kukan ya tsananta ki ɗauke shi, da ya lafa ki mayar da shi shimfiɗarsa yana farke. Dararen farko sun fi wuya, amma yawancin iyaye sukan ga sauƙi cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ke rushe tsarin shi ne a yi yau a bari gobe, ko a jure rabin awa sannan a miƙa nonon, don abin da yaron ya koya a nan shi ne dogon kuka yana biya. Duk wanda zai kwantar da shi, mahaifinsa ko mai reno, ya bi tsari ɗaya. Kada ki fara a makon da yake zazzaɓi ko mura. Kuma ba a ce ki yanke shayarwar dare ba: sau ɗaya ko biyu a watanninsa ba laifi ba ne.

Tambaya: Jaririyata makonta biyar. Da rana barci kamar me, da dare ido tar. Yaya zan juya mata?

Amsa: Ki yi haƙuri, jikinta bai gama bambance dare da rana ba. Sai wajen wata biyu zuwa uku sinadarin melatonin, mai kawo barci idan duhu ya yi, yake daidaita a jikin jariri. Ki taimaka mata da haske: da rana a buɗe labule, a yi hira da hidima kamar kullum, da dare kuwa ki shayar da ita a ɗan haske kaɗan, ba wasa, ba surutu. Awa 14 zuwa 17 take buƙata a yini da dare, a gutsure-gutsure, kuma duk lokacin da ta nemi nono a ba ta.

Abin da ya fi damun mu a waɗannan watannin farko shi ne yadda take kwanciya. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta gargaɗi iyaye kan kwantar da jariri rub da ciki, saboda alaƙarsa da mutuwar farat ɗaya cikin barci. A kwantar da ita rigingine, dare da rana, har ta cika shekara, a kan katifa mai tauri wadda ba ta lotsawa, babu matashi, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana. Ta kwana a ɗakinku amma a shimfiɗarta, aƙalla wata shida. Kada barci ya ɗauke ki da ita a kan kujera mai laushi, wannan ya fi komai haɗari. A nisanta ta da hayaƙin taba. Idan kina naɗe ta da zani, ki daina da zarar ta fara ƙoƙarin juyawa. Don gane ko zafi ya yi mata yawa, ki taɓa ƙirjinta ko ƙeyarta, ba tafin hannu ba.

Tambaya: 'Yata shekararta biyu, tana kaiwa sha ɗaya na dare tana guje-guje. Waya muke ba ta don ta zauna. Daga wani uba.

Amsa: Malam, wannan guje-gujen sau da yawa gajiya ce ta wuce kima. Idan lokacin barci ya wuce, jiki yakan saki sinadaran da ke sa kuzari, sai yaro ya ƙara tsalle maimakon ya lafa. Mai shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar awa 11 zuwa 14, har da barcin rana.

Ka fara daga safiya: a tashe ta lokaci ɗaya kullum, barcin rana kuma ya ƙare wajen ƙarfe uku. Sannan a riƙa dawo da lokacin kwanciya baya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, har a kai wajen takwas. In aka tsallaka daga sha ɗaya zuwa takwas dare ɗaya, rigima kawai za a sha, don barcin bai zo ba. Waya da talabijin a kashe su awa ɗaya kafin kwanciya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada mai shekara biyu ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo, wanda bai kai ba kuwa kada a ba shi sam.

A wanke mata haƙora da man goge baki daidai ƙwayar shinkafa, kuma kada ta kwanta da kwalbar madara, tana ruɓar da haƙori. Ka bar ta ta zaɓi rigar barci ko littafin da za a karanta, amma lokacin kwanciya ba nata ba ne. Idan ta sauko daga gado, a kama hannunta a mayar da ita, ba faɗa, ba hira, ko sau goma ne.

Tambaya: Zan iya ba yaro maganin tari ko na mura don ya yi barci?

Amsa: A'a, kada ki yi. Irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin ƙaramin yaro, wasu yaran kuma firgita da rashin natsuwa suke sa su. A kai yaro asibiti idan yana minshari mai ƙarfi kusan kowane dare, ko numfashinsa yana tsayawa cikin barci, ko nauyinsa ya tsaya. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ko tashinsa daga barci ya yi wuya, a tafi da shi a lokacin, kada a jira gari ya waye.