Tambaya da Amsa: An Zo Binciken Mai Neman Aure, In Faɗa Ko In Yi Shiru?

Tambaya: Allah gafarta Malam, maƙwabcina ya zo yana tambayata halin wani yaro da ke neman auren ɗiyarsa. Fadarmu ɗaya da yaron, kuma na san yana shan tramol. In na faɗa, ban yi giba ba? Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron nan da ya kama ka yana kan hanya. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. In yana da abin ka yi gibarsa, in ba shi da shi ka yi masa ƙage. Ashe mai cewa "ai gaskiya na faɗa" bai kuɓuta ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta abin da cin naman ɗan'uwa matacce.

Sai dai abin da ke gabanka nasiha ce, kuma wajibi ce a kanka. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya lissafa wurare 6 da ya halatta a faɗi aibin mutum, shawarar aure tana ciki. Da Fatima bint Ƙais ta gaya wa Annabi (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta, ya faɗa mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaid. Ka lura, aibi ɗaya ya ambata ga kowanne, wanda ya shafi zaman aure.

To ka keɓe da uban yarinyar, baki da baki. Ban da bakin shayi, ban da saƙon murya a WhatsApp, don shi sai an tura wa goggo, goggo ta tura wa ƙawarta, kafin magariba ya zagaye unguwa. Ka fara da mafi sauƙi: "Ban ba ka shawarar ba shi ba." In ya gamsu, ka tsaya nan. In ya nemi dalili, ka faɗi shan ƙwayar, gwargwadon abin da idonka ya gani. "An ce" ba shaida ba ce. Kada ka tono asalin gidansu, ko laifin da ya tuba ya bari tuntuni. Zargin zina kuwa kada harshenka ya kusance shi: aya ta 4 a Suratun Nur ta nemi shaidu 4, in babu, bulala 80 ce a kan mai ƙazafi. Ka kuma duba zuciyarka, in akwai bashi ko tsohon rikici tsakaninku, kada ka fake da nasiha ka rama.

Abin da ya fi damuna shi ne masu jin kunya su ce "yaron kirki ne" alhali sun sani. Wannan ha'inci ne, kuma yarinyar ce za ta kwana da shi.

Tambaya: Malam, na sha cin naman wata a wurin biki. Sai na je na gaya mata kafin Allah ya yafe mini? Daga wata baiwar Allah, Sabon Gari, Maradi.

Amsa: Malama, ki daina, ki yi nadama, ki ƙudurta ba za ki koma ba. In maganar ta kai kunnenta, ki je ki nemi gafararta. In ba ta kai ba, malamai sun saɓa. Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suna ganin gaya mata zai ƙara ɓata zumunci ne kawai. Ki roƙa mata gafarar Allah, ki koma gaban matan da suka ji ki, ki janye abin da kika faɗa, ki ambaci alherinta da kika sani.