Ina son in zama mai kula da tufafin tarihi, ta ina zan faro?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Tawa, bana zan yi bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Ina son aikin adana tufafin gargajiya a gidan tarihi, amma a gida ana cewa gadin tsummokara ne. Me ake karantawa, kuma akwai abinci a ciki?

Amsa: Ɗiyata, bar mutanen gida su yi dariyarsu. Hanyar karatun a fili take: bayan bak ki ɗauki tarihi a jami'a, kamar Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sannan ki nemi horo kan adana kaya. A Fotonobo ta ƙasar Benin akwai makarantar EPA da aka buɗe a 1998 don ma'aikatan gidajen tarihin Afirka.

Sai dai takarda ba ta koya wa hannu sanin zane. In aka shimfiɗa miki tsohuwar babbar riga, ana so ki gane ko saƙi ce (saƙar auduga mai shuɗi) ko tsamiya (saƙar silikin daji), ki ƙirga sawayen da aka haɗa, ki duba aikin gabanta ko aska biyu ce ko aska takwas. In kika ga jan alharini a cikin hannunta, kin san zaren ya ƙetaro Sahara daga wajen Turabulus. Turkuɗin da Buzaye ke naɗawa kuwa, mai barin shuɗi a goshi, a Kura ta ƙasar Kano aka shahara da rina shi da baba, a buge shi har ya yi walƙiya. Wannan ilimin a bakin masaƙa da marina da maɗinka yake, kuma suna ta ƙarewa.

Rabin aikin yaƙi ne da rana da ƙura da gara da asu. Ba a rataye tsohuwar riga a ƙusa, nauyinta ne zai yage kafaɗar. Ba a kuma wanke ta da omo don a burge baƙi. Na ga zanen da tsabta ta kashe. Kowane kaya da lambarsa a rajista, da sunan garinsa da wanda ya ba da shi.

Batun abinci, ba zan ruɗe ki ba: gurabe kaɗan ne, albashin ma ba ya kai ya kawo. Shi ya sa ake haɗawa da koyarwa ko aiki da masu tsara tufafi, irin waɗanda ke taruwa a FIMA, bikin nunin tufafin Afirka da mai tsara tufafi Alphadi ya faro a 1998.

In kin shigo Yamai, ki je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, ki ga ɗakin tufafi, ki kuma zauna wajen masaƙan da ke aiki a harabarsa. Kafin nan, ki roƙi kakarki ta buɗe miki adakarta. Ki ɗauki hoton kowane zane, ki rubuta sunan da ita take kiransa, da bikin da aka saya mata shi.