Tambaya da Amsa: Daga Tawa Zuwa Fadar Damagaram a Kan Moto

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, wato yawon ganin fadodi da tsofaffin ganuwoyi a kan moto. Mun haɗa kai da bakanike da malamin tarihi muka amsa waɗanda fili ya ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, malaman makaranta a nan Tawa, kowa da motonsa mai inji 125. Muna da hutun kwana shida, muna son ganin fadodin sarakuna da barikokin zamanin Turawa. Wace hanya za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku yi gabas, Damagaram ce maƙura. Daga Tawa zuwa can wajen kilomita 600 ne, kwalta ce duka, kuma kowane zango yana da abin gani. Amma kada ku auna tafiyar da lissafin motar haya. Ƙaramin moto mai ɗauke da mutum da kaya gudunsa na lafiya kilomita 60 zuwa 70 ne a awa. In aka haɗa da shingen jandarma da salla da hutun inji, kilomita 200 zuwa 240 shi ne aikin yini guda.

Ranar farko ku fita da an sallame Asuba. A Badagishiri ku ratse zuwa Illela ku gaida fadar Sarkin Adar, sarautar da ta samo tushe daga Agabba ɗan Sarkin Agadas tun ƙarshen ƙarni na 17. Ku dawo kwalta, ku kai Tsarnawa inda hanyar Tawa ta haɗu da babbar hanyar Yamai. Birnin Ƙonni na yamma da ku, bai kai kilomita 20 ba. Nan ne ayarin Voulet da Chanoine, hafsoshin sojan Faransa, suka yi kisan gilla a 1899, sai dai abin da ya fi saura a yau labari ne a bakin dattawa, ba gini ba. In rana ta yi, ku bar shi sai a dawowa. Ku wuce Malbaza da Galmi ku kwana Madawa.

Rana ta biyu gajera ce da gangan, kilomita 155 ko kusa da haka. Kafin ku shiga Maraɗi za ku iske Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir. Bayan Alkalawa ta faɗi a 1808 Gobirawa sun daɗe ba zama ɗaya, sai wajajen 1836 Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Maraɗi kuma can ne sarautar Katsina ta koma bayan masu jihadi sun ci birnin a 1807, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. Kada ku nemi tsohon garin a inda yake da can. Ambaliyar 1945 ta cinye shi a cikin gulbi, aka hau da gari tudu, fadar ma ta bi.

Rana ta uku kilomita 235 ne zuwa Damagaram, kuma hanyar kanta darasi ce. Gabas da Tasawa akwai Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke. Sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli 1899, ƴan kwanaki bayan an kashe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Dankori bisa umarnin Voulet. Dab da Damagaram sai Tirmini, inda rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta kara da ragowar wannan ayari a ƙarshen watan, daga nan Turawa suka shiga birni.

Rana ta huɗu ku jingine motoci a masauki, ku shiga Birni, wato tsohon gari inda fada take, da ƙafa. Fadar tun wajajen 1850 take, zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwa ya kuma sa aka riƙa ƙera igwa a garin. Ku duba kaurin bangon zaure da yadda aka jera azara a rufi, sannan ku bi lunguna tsakanin manyan duwatsun nan ku ga zanen da magina suka fitar a fuskar gidaje. Garin ya riƙe hedikwatar mulkin Turawa har 1926 da aka mayar da ita Yamai, don haka za ku ga ginin Turawa na wancan zamani tsakanin Birni da unguwar Zango. Kwana biyun da suka rage na dawowa ne, kilomita 300 kowace rana. Su ne mafi wahala, don haka kada ku saka wata ziyara mai tsawo a ciki.

Tambaya: Ni ne ƙarami a cikin masu tafiyar nan, an ɗora mini duba motoci. Me zan kai wa bakanike, me za mu ɗauka?

Amsa: Ƙanena, ka kai su kwana uku kafin tafiya, ba daren tafiya ba. Abin da bakanike ya taɓa yana bukatar a hau shi kilomita 30 ko 40 a cikin gari a ga ko ya zauna.

Fara da baƙin mai. Irin waɗannan injuna kusan lita ɗaya suke ci, kuma mai kauri, 20W-50, shi ya dace da zafinmu. Tafiyarku za ta kai kilomita 1,300, saboda haka ku fita da sabon mai, ku riƙa zare sandar awo kowace safiya kafin a tada inji, moto a tsaye sak a kan ƙafa biyu. Injin da iska ke sanyaya shi yana shan mai in ya yi doguwar tafiya, kuma ba ya ba da sanarwa sai ya kama. Moton da bai cika kilomita 1,000 da saye ba a bar shi gida, injinsa bai gama sakewa ba.

Sai sarƙa, wadda ita ce ta fi tsayar da mutane a daji. A tsakiyar tsawonta na ƙasa ka ɗaga ta da yatsa: wasan da za ta yi santimita 2 zuwa 3 ne, kuma a auna da mutum zaune a kai. Bakanike da yawa suna ɗaure ta tamau moto na wofi, da an ɗora kaya sai ta ƙara miƙewa, ta ci haƙora, ta lalata boris ɗin ƙafar baya. Ka duba haƙoran da take hawa. In sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, a sauya su tare da sarƙar gaba ɗaya, don sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta jimawa. Ƙaramin makullin da ke haɗa bakin sarƙa kuwa, rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙar ke gudu. In aka juya shi, abu kaɗan zai taɓa shi ya fice. Mai kaɗan ake ɗiga mata da yamma tana da ɗumi, a goge na sama. In ya yi yawa sai ya kama rairayi ya riƙa cin ƙarfen.

Iskar taya a auna ta da safe: wajen 1.8 a gaba, 2.2 zuwa 2.5 a baya gwargwadon kaya, a ma'aunin bar da masu faci ke amfani da shi. Ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari a kwalta mai zafi, don tayar na lanƙwasa tana ɗaukar zafi har robar ciki ta tsage a gindin bawul. Ka bi wayoyin ƙafa ɗaya ɗaya kana ƙwanƙwasa su da sifana. Wadda ta yi ƙara a dushe ta saki, a ɗaure ta.

Kayan da za ku raba a tsakaninku: robar cikin taya ta gaba da ta baya ga kowane girman ƙafa, faci da gam, ƙarafan cire taya biyu, famfon hannu, buji biyu da sifanarsa, wayar kuloci, makullin sarƙa biyu, fis, ƙwan fitila, sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17 da wadda ta dace da notin ƙafa, litar baƙin mai ɗaya, da igiyar roba. Kaya kada su wuce kilo 15 a bayan kowa, masu nauyin kuma a matso da su kusa da bayan direba. In suka rataya a wutsiya gaba sai ta yi sakayau, kan moto ya riƙa rawa duk lokacin da babbar mota ta gifta. Takardu kuma: kart giriz (takardar rajistar moto), inshora, lasisin tuƙi, katin ɗan ƙasa, duk a leda. Kaski, wato hular kwano, ga kowa, mai gilashi, don tsakuwar da tirela ke watsowa.

Tambaya: Malam, man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya fi sauƙin samu a ƙauye. Yana da illa a doguwar tafiya?

Amsa: Lissafa tukuna. Da kaya, moto 125 na shan wajen lita 3 a kilomita 100, wato lita 40 ke nan ga kowa a tafiyar duka. Tankin da ke ɗaukar lita 11 ko 12 zai kai ku fiye da kilomita 300, alhali Madawa, Maraɗi, Tasawa da Damagaram duk suna da gidan mai. Wanda ya cika tanki a kowannensu ba shi da dalilin sayen na kwalba.

In ta kama dole, ɗaga kwalbar ka duba ta a rana. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindi kamar ƙwayar ido, don haka kada a juye maka har ƙarshe, kuma a tace da ƙyalle mai tsabta. Alamar ya shiga ita ce moto ya riƙa shaƙewa in ka murɗa, ko ya mutu a hawa. Rufe makunnin mai, kwance ƙaramin sukurun da ke gindin kabireta, bar abin da ke ciki ya zube, ɗaure, buɗe mai, tada. Wanda aka gauraya da kananzir ya fi muni: inji na ƙwanƙwasa yana zafi, buji na yin baƙi. Wannan sai a zubar da tankin. Lokacin hunturu kuma kada ka ɗora wa mai laifin matatar iska. Ƙura na toshe ta cikin kwana biyu, alamunsu kuma kusan ɗaya ne. In ta soso ce a wanke, ta bushe, a shafa mata mai kaɗan a matse. In ta takarda ce a kakkaɓe kawai.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, yayana zai ɗauke ni mu je Tsibiri da Maraɗi. Ana barin kowa ya shiga fada? Hoto fa?

Amsa: Ana bari, ƴar'uwa, amma fada gidan mutum ne kuma wurin shari'a, ba gidan kallo ba. Ku ajiye moto nesa da ƙofa, yayanki ya cire kaski da tabarau. Ku yi sallama ga dogarai, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku, su za su haɗa ku da wanda zai zaga da ku. Takalmi a bakin zaure yake tsayawa. In an yi muku iso gaban Sarki, a durƙusa a ce ranka ya daɗe, ba a miƙa hannu, kuma sau da yawa wani bafade ne zai amsa gaisuwar. Ki yafa mayafi babba. Ɗan goro ga dogarai da abin alheri ga mai rakiya al'ada ce, ba wanda zai yanka muku kuɗi, amma kada a fita hannu rabbana. Hantsi ya fi, lokacin da fada ke cike. Hoto sai an tambaya, kuma izinin ƙofa bai haɗa da cikin gida ba.

Masu zuwa Damagaram su kula da wannan musamman. Tsohuwar barikin da Turawa suka gina a kan dutse, suka sa mata sunan Kyaftin Cazemajou da aka kashe a garin a 1898, har yanzu a hannun soja take. A kalle ta daga nesa, waya na cikin aljihu.

Tambaya: Ina Yamai. Ina son in je Doso in ga fadar Zarmakoy, Sarkin Doso, in dawo a yini ɗaya. Zai yiwu?

Amsa: Ta fuskar nisa zai yiwu, Alhaji, kilomita 140 ne, kuma fadar, wadda aka gina a 1904, ta cancanci zuwa. Matsalar doka ce da tsaro. Yamai a tsakiyar jihar Tilaberi take, inda sassa da dama ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma tun 2020 ake hana zirga-zirgar moto a wasu yankunanta. Hanyar ta bi ta Kure, inda aka kai hari a watan Agusta na shekarar. Dokokin nan suna sauyawa, don haka ka je wurin jandarma ka tambaya a satin tafiyar, ba wurin ƴan kabu-kabu ba. Shawararmu: hau bas, in ka sauka ka ɗauki kabu-kabu zuwa fada.

Tambaya: Agadas ta fi kusa da Tawa. Me ya sa ba ku ambace ta ba?

Amsa: Ta fi kusa, kilomita 400 ne, kuma abin gani ba a magana: fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27 da aka gina da ƙasa, da tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Amma bayan Abalak garuruwa na nesa da juna, kwaltar ta sha wuya, kuma arewacin jihar Tawa, wajen Tasara da Tiliya, na cikin dokar ta-ɓaci. Wanda tayarsa ta fashe tsakanin Madawa da Maraɗi zai tura moto ya iske mai faci; a can ba haka ba ne. Agadas a bas.

Ga duk masu tafiya, lokacin shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, in kuwa dole ce a tsaya daga sha biyu zuwa La'asar, kowa da ruwa lita 5. Da damina ƙoramu na yanke hanya, ruwan da ya kai cibiyar ƙafar moto ba a shiga. Kowane kilomita 80 a ba inji minti goma a inuwa, kuma a shiga masauki kafin Magariba, don amalanken shanu da jakuna ba su da fitila.