Shago Cike da Kaya, Kuɗin Odar Sallah Ya Gagara

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya rubuto cewa shekara biyu ke nan yana sayar da kayan wasan yara da kayan ban mamaki, irin su katunan da hotonsu ke sauyawa idan an karkata su da madubin da ke kumbura fuska. Ya fara da jarin naira 800,000, yanzu shago ya cika amma kuɗin odar Sallah ya gagara. Ya ce duk abin da ya burge shi yakan ware katan guda ya ajiye, domin ya ga ana sayen tsofaffin irinsu da tsada a Turai. Yana tambaya ko ya karɓi rance wurin yayansa.

Malam, kada ka dosa gidan yayanka tukuna, domin jarinka yana nan jibge a bayan shago, kai ne ka ɗaure shi da hannunka. Ka haɗa sha'awar tara kaya da neman riba a asusu ɗaya, kuma sha'awar ce take cinye ribar ba tare da ka rubuta ko sisi ba.

Batun Turai kuwa, ka cire shi daga ranka. Katunan da masu tarawa suke saye da daraja a can su ne tsofaffi, irin waɗanda aka buga a ƙarni na 19 don na'urar kallon hoto mai tudu, wadda ke nuna hoto kamar za a iya taɓa abin da ke ciki, kuma ko a cikinsu waɗanda suka yi ƙaranci ne kaɗai suke tsada. Naka daga kasuwar Yiwu ta ƙasar Sin suka fito, inda ake sayar da su dubbai a kullum, kuma duk wanda ya so zai iya yin odarsu gobe. Abin da masana'anta ke ci gaba da bugawa ba ya ƙara daraja don an ɓoye shi, sai dai zafin Kano ya lanƙwasa robar, batir ya zubo ya ci wayar cikin abin wasan.

Na san wani mai shago a Sabon Gari wanda a 2017, lokacin da yara suka haukace a kan ɗan abin nan da ake juyawa a kan yatsa, ya ƙi sakin katan-katan yana jiran farashi ya ƙara hawa. Kafin shekara ta zagayo yayin ya wuce, na gan shi yana zuba su a faranti ana kai wa ƙofar makarantu a ƙasa da rabin kuɗin saye. Kayan yayi ba sa jiran mai su.

Ka lissafa da kyau. Idan katan goma ka ɓoye, kowanne na naira 40,000, rabin jarinka ke nan yake barci, alhali da ka juya shi sau uku ko huɗu a shekara. Ƙari a kan haka, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin da ya sayo katan goma a da ba zai sayo su yanzu ba.

Ka rufe shago yini guda, ka ƙirga komai a littafi da kuɗin sayensa. Daga kowane nau'i ka ɗauki guda ɗaya tak idan ranka na so, ka biya daga aljihunka kamar kowane mai saye, ka kai gida. Sauran kuma ka karya farashinsu ga masu talla da 'yan tebur tun azumi bai kama ba, da kuɗin da ya fito za ka yi odar tabarau da bindigar ruwa da balan-balan, waɗanda ba sa kwana a shago ranar Sallah.